Larabar Mma a Wagadugu

Ni ne ɗan farin mahaifiyata, kuma a gidanmu na Komah, cikin Sokode ta ƙasar Togo, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta zama hira da shi, ba ta ɗaga ido ta dube shi a fuska. Haka Mma ta tarar ana yi, haka ta yi. Ana yaye ni aka miƙa ni ɗakin kakata, uwar babana. Tsakanin ɗakin nan da na Mma bai fi taku goma ba, amma ban taɓa kwana a can ba. In ta dafa abinci, ƙanwata ce ke kawo mini. In tana da magana da ni, sai ta faɗa wa tukunya ko bango, da murya daidai yadda zan ji: "A ce wa yaron nan rigarsa ta bushe." Da na koyi ɗinki na buɗe shago, sai ta samu sauƙi, na tashi daga yaron nan na koma Tela.

Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin ƙi ba. Ni mutum ne mai son kowane abu a wurinsa. Lekol, wato makarantar boko, aji shida kawai na yi, amma na fito da abu guda: a fara da na farko kafin a taɓa na biyu. A shago ma haka nake koya wa mutane, awo, sannan alli, sannan almakashi, sannan keke. Wanda ya tsallake ɗaya ya ɓata yadin mutane. Don haka zaman da ke tsakanina da Mma na ɗauke shi ƙa'ida ce cikin ƙa'idodi, na bi ta shekara hamsin da wani abu ba tare da na yi ƙorafi ba.

Bayan na yi aure na koma Dapaong, inda na samu shago kusa da kasuwa. Yawancin masu kawo mini ɗinki fataken shanu ne. Sokode kuwa sai da Sallah, ko in an yi rasuwa ko haihuwa.

Autarmu ce ta kira ni a waya ta ce idon Mma ba lafiya. Ta ce tana buge kafaɗa a bakin ƙofa, tana taka kwanon da ke gefen ƙafarta, rannan ma ta ture tulin doyar da aka kawo daga Kparatao ba ta san da shi a wurin ba. An yi mata tabarau a Sokode, bai ƙara komai ba. Na faɗa wa wani bafatake da nake yi wa ɗinki, sai ya ce akwai likitan ido a Wagadugu da ya duba yayansa, kuma daga Dapaong, Wagadugu ta fi Lome kusa nesa ba kusa ba. Shi ya nema mana randebu, wato ranar ganin likita, shi ya haɗa ni da wani dillalin shanu da zai sauke mu a gidansa.

Tsarin da na yi shi ne mu tafi mu uku: ni, Mma, da auta. Ni in riƙe takardu, auta ta riƙe Mma. Suka iso Dapaong ranar Asabar. Ranar Lahadi na ce kowa ya kawo katin shaidarsa in duba, sai na ga na auta ya mutu tun bara. Na yi mata faɗa sosai, har matata ta shiga tsakani. Amma faɗa ba ya sabunta kati, kuma a bakin iyaka ba a wasa da wannan.

Mma na zaune a kan tabarma tana jinmu. Ta juya wajen matata ta ce, "To, wa zai je da ni ke nan?"

Matata ta ce, "Ga shi nan, Mma. Ai shi ma ɗa ne."

Mma ta gyara mayafinta, ta ce a ba ta buta.

Muka tashi Litinin da sassafe. Na karɓa mana kujeru biyu a jere, amma kafin mota ta tashi ta roƙi wata mata suka yi musanya, ta koma baya. Daga Sinkase, garin bakin iyaka, har Wagadugu kalma huɗu ko biyar ta shiga tsakaninmu, duk kuwa a kan ruwan sha da sallah.

Talata muka je asibiti. Wata nas Bamosa, 'yar ƙasar, ce ke cika takarda, tana jin Hausar kasuwa. Ta tambayi Mma sunanta da garinsu, sannan ta ce, "Wanda ya kawo ki, yaya sunansa?"

Mma ta dubi ƙasa. "Tela ne."

"Telanki ya kawo ki asibiti tun daga Togo? Kai, Mama, ba ni shi aro. Nawa ko rigar Sallah ba ya gamawa."

Na miƙa mata katina ta kwafi sunan, tana ta dariya. Ni dai ban yi ba.

Likita ya daɗe yana dubawa. Ya ɗiga magani, ya haska fitila, ya sa ta ta leƙa cikin wata na'ura tana danna abu duk lokacin da ta ga haske. Da ya gama ya yi mini bayani da Faransanci, a hankali, don ya lura nawa bai da yawa. Ya naɗe wata takarda ta zama kamar bututu, ya ce in rufe ido ɗaya in leƙa da ɗayan. Na leƙa. Agogon bango kawai na gani, sauran ɗakin duk ya ɓace. Ya ce haka mahaifiyata ke ganin duniya yanzu. Idon hagu ya tafi. Na dama, gefe da gefe duk ya mutu, saura 'yar kafa a tsakiya, ita ma tana tsukewa. Abin da ya tafi ba zai dawo ba. Magani zai rage saurin abin ne kawai, kuma bai san tsawon lokacin ba. Ya ce a fara ɗigawa yau, mu dawo Alhamis da safe ya sake aunawa kafin ya sallame mu.

Ni ne ya zama dole in faɗa mata, babu auta, babu matata. A barandar asibitin na tsaya gefenta, na kalli wata bishiya, na faɗa wa bishiyar duk abin da likita ya ce, ban rage ba ban ƙara ba. Ta saurara har ƙarshe. Ta ce, "Allah ya sa haka ne mafi alheri." Sai ta ce a tambaya ko ina ne alƙibla.

Saura Laraba ke nan, yini guda babu abin yi. Bayan magariba na zauna a zauren mai masaukinmu na yi tunani. Matar nan ba ta taɓa fita ƙasar Togo ba, ko Lome sau ɗaya ta je. Ga ta a babban birnin wata ƙasa, ga sauran ganinta yana ƙarewa. Na yanke cewa ba za a bar yinin nan ya tafi a banza ba, sai ta ga duk abin da ido zai iya ɗauka, ta koma da shi ta ajiye. Na tambayi mai masauki wuraren da baƙo ke zuwa, na rubuta biyar a bayan takardar asibiti, kowanne da lokacinsa: babban masallaci ƙarfe takwas, babbar kasuwa ƙarfe tara da rabi, unguwar manyan gine-gine sha ɗaya, madatsar ruwa bayan azahar, gidan hoto kafin la'asar. Na karanta wa matar mai masauki don ta faɗa mata. Amsar da ta dawo ita ce, "To."

Muka fita a kan lokaci. Na ɗauki koren taksi na zauna gaba, ita a baya. Duk abin da muka wuce sai in nuna da hannu in ce, "Mma, ku duba dama, ga wani dogon bene." Sai ta fara juya kai gaba ɗaya, a hankali, tana laluben abin da 'yar kafar nan. Kafin ta same shi mun wuce. Ta ce, "An gani." Na sake nuna wani, ta sake cewa an gani. Ni kuwa ina sa alama a takarda.

A masallaci ta yi nafila a ɓangaren mata, ta daɗe, har muka ci minti ashirin daga lokacin kasuwa. Na ce a ɗan ɗaga ƙafa. Na shige gaba kamar yadda aka saba, ita tana biye.

Wanda bai je Wagadugu ba ba zai gane yawan baburanta ba. Mata da 'yan mata, tsofaffi da masu goyo, kowa a kan babur ko keke, suna fitowa ta ko'ina kamar an buɗe musu ƙofa. A bakin kasuwa na tsallaka titi, na waiwaya, sai na ga Mma ta sako ƙafa, ga wata mata ta taho ta hagunta da kwandon tumatir a baya. Matar ta taka birki har babur ya karkace. Ta zazzaga faɗa da yarensu. Mma na tsaye tsakiyar titi tana juya kai, ba ta ma gano inda muryar ke fitowa ba.

Na koma da gudu na kama hannunta. Ban yi shawara ba, da na yi da ban kama ba. Tun da na yi wayo fatata ba ta taɓa tata ba. Abin da na fara ji shi ne ƙanƙantar hannun. Ni da nake auna mutane kullum, da an tambaye ni da na ƙara mata inci biyu. Ta ɗan ja, sannan ta bari. Muka tsallaka. A ɗaya gefen ta zare hannunta ta miƙo mini bakin mayafi, na riƙe, muka shiga kasuwa a haka.

Ba ta ga komai a kasuwar ba, yanzu na sani. Mutane ne ke bugun ta ta dama da hagu, ni kuma ina jan ta daga layin atamfa zuwa layin tukwane ina duba agogo. Unguwar gine-gine muka ratsa ta a taksi. Muka yi azahar a wani ƙaramin masallaci, muka isa madatsar ruwa mun makara da kusan awa guda, raina a ɓace. Ina cikin lissafin yadda za a rage zaman nan don a samu gidan hoto, sai na ji ta ce, "A samo mini wurin zama."

Akwai wata bishiyar mangwaro a bakin ruwan, ƙarƙashinta wata dattijuwa na sayar da ruwan gero mai sanyi da citta, wanda suke kira zomkom. Tana da benci biyu. Ta ga yadda Mma ke tafiya, ta taso da kanta ta zaunar da ita.

"Mama ya gaji," in ji ta, da irin Hausarsu. "Wa ya wahalar da Mama haka cikin rana?"

Ta cika kofi ta sa mata a hannu, sannan ta dube ni sama da ƙasa, ina tsaye da takarda.

"Wannan mai agogo, direbanki ne?"

Na jira in ji ta ce Tela. Mma ta kurɓi ruwan geron, ta sauke kofin a cinya.

"Ɗana ne," ta ce. "Na fari."

"Ayya! To me ya sa fuskarsa kamar sojan bakin iyaka? Ke ga ki da fara'a. Babansa ya biyo?"

"Haka ake cewa."

"Ake cewa? Ke ba ki da ido ne?"

"Saura kaɗan," in ji Mma, ta yi 'yar dariya.

Matar ta rufe baki da hannu, ta shiga ba da haƙuri, ta ƙara mata ruwan gero. Wasu masu wankin babur suka kira ta daga can ƙasa, ta ɗauki bokitinta ta tafi. Muka rage mu biyu. Na ce, ina kallon ruwa, "In an huta, saura gidan hoto."

Ba ta motsa ba. Can ta ce, "Akwai wanda ya san mu a nan?"

Na duba. Masu ban ruwan lambu ne, sai wani mai kamun kifi. Na ce babu.

"Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya, Mma."

"To jawo bencin can. Zauna nan gabana. Kai nake wa magana."

Na jawo benci na zauna, gwiwata kusa da tata.

"Cire hular."

Na cire. Ta ɗago kai ta sa mini idon daman nan. Da yake kafar ƙarama ce, ba ta iya ɗaukar fuskar gaba ɗaya, sai ta bi ta kashi-kashi. Ta fara da goshi. Ta sauko gira, ta tsaya. Ta koma ido ɗaya, sannan ɗayan, sannan hanci, baki, gemu. Ta ce in juya dama, in juya hagu. Ba ta tsallake komai ba. Ni kuwa na rasa inda zan ajiye nawa idon, na kafe shi a kan kofin da ke cinyarta.

"Furfura har ta kai nan," ta ce. "Ba wanda ya faɗa mini."

Ta ci gaba da dubawa.

"Hancin na babanka ne, ba su yi ƙarya ba. Amma kunnen nan namu ne, na gidanmu. Wannan tabon na gira, bakin rijiya ne. Kana shekara huɗu. Ina bayan zana ina jin ihunka, kakarka na sa maka toka. Na ciji zanena har ya huje."

Ban san tana wurin ba. Abin da na riƙe a raina tun ina yaro shi ne ranar ba ta ma fito ba.

Ta ce, "Kana tsammani ban taɓa kallonka ba ne? Da wutsiyar ido nake kallonka. In kana cin abinci, in kana alwala, in za ka fita. Ƙeyarka kuwa ba wanda ya kai ni saninta. To wutsiyar ce ciwon nan ya fara cinyewa. Ka zo da Sallah ka zauna a gefena yini guda, muryarka kawai na samu. Ka tafi ban san ko ka rame ko ka yi ƙiba ba. Su suna ta kukan ina ture kwanoni. Ni ba kwanoni ne suka dame ni ba."

Hannuna ya tafi wajen agogo da kansa, don ya saba.

"Bar abin nan," ta ce. "Tun safe kake nuna mini benaye. Me zan yi da bene? Ɗago. Kai ma duba, ai ba a hana ka ba."

Na ɗago. Na san muryarta, na san tafiyarta, na san zannuwanta ɗaya bayan ɗaya don ni nake ɗinke mata bakinsu. Amma ban san tana da ɗan baƙin tabo a ƙarƙashin idon hagu ba, ban san in za ta yi murmushi gefe ɗaya na bakin ke fara tashi ba. 'Yata ta biyu haka take yi. Shekara goma sha tara ina mamakin inda ta samo shi.

Muka zauna a wurin har inuwar mangwaron ta juya. Ta yi mini tambayoyi, ba bisa wani tsari ba, yadda suka zo mata. Ko bayana na ciwo saboda zaman keke. Ko matata na ba ni abinci a kan lokaci. Ko har yanzu ba na cin kuɓewa. Na ce yaya aka yi kuka sani. Ta ce, "Wa kake tsammani ke raba maka miya a ƙaramar tukunya? Kakarka? Ita da ko ta ga kana amai cewa za ta yi ka cinye." Na yi dariya, da ƙarfi, har mai kamun kifi ya waiwayo.

Ta ce na cika faɗa, in rage wa auta. Na ce katinta ya mutu shekara guda ba ta duba ba. Ta ce, "Da ta duba, da yanzu ita ce zaune a nan."

Sunana dai ba ta faɗa ba, ni ma ban nema ba.

Mai ruwan gero ta dawo ta same mu muna fuskantar juna. Ta ce, "Au, soja ya iya dariya?" Mma ta ce mata, "Ya fi babansa kyau. Yanzu na duba." Aka kira la'asar daga wani masallaci a hayin ruwan. Gidan hoto ba mu je ba.

Alhamis da safe likita ya auna ya ce maganin ya karɓe ta, a ci gaba da shi safe da yamma, kada a tsallake ko sau ɗaya. Wannan aikin na san zan iya tsare shi, na kuma rubuta wa auta lokutan da manyan baƙaƙe. Ganin nata ya ƙara kaiwa damina biyu kafin ya rufe.

A motar komawa ba ta nemi musanya ba. Ta zauna kusa da ni, wajen taga, ta yi barci kanta ya karkato har ya taɓa kafaɗata. Ban motsa ba har Tenkodogo, duk da hannuna ya mutu.

A Sinkase kowa ke sauka ya tsallaka da ƙafa. Na riƙe hannunta muka wuce wajen masu duba kati. Muna shiga ɓangaren Togo sai wata murya ta ce, "Lale, lale! Mutanen Komah! Daga ina haka?" Wata maƙwabciyarmu ce ta Sokode, ta zo sarin kaya. Kafin ta ƙaraso, Mma ta zare hannunta, ta ja mayafi ta rufe gefen fuska. Suka gaisa, suka tambayi gida da jiki. Sannan ta ce wa matar, "A ce wa Tela ya ɗauko jakar, kada mota ta tafi da ita."

Na ɗauko jakar na shige gaba. Daga nan zuwa inda motocin Dapaong ke tsayawa akwai 'yar tafiya. Na daidaita kaina sosai da inda take, ban kauce dama ko hagu ba, na rage sauri yadda ba za ta ɓatar da ni ba, muka tafi.